Ai Na Fari Ne

Gumel,
4 ga Yuli, 1977

Zuwa ga Baffa Manu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Sabuwa da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sau uku, gero ya kai idon sawu. Na san sunana ba zai faɗo maka nan take ba. Ni ce Rahamatu 'yar Ɗantala, jikar Safara'u ƙanwar mahaifinka. Rabonka da ni tun ina firamare, yanzu kuwa nas ce ni a ɗakin mata na asibiti.

Baffa, mahaifiyarka Goggo Yelwa tana hannunmu yau kwana goma sha tara. Ta zame a bakin rijiya can rugarku ta bayan Ɗanzomo, cinya ta karye, maƙwabta suka kawo ta a amalanke. Ƙashin yana kamawa, wannan da sauƙi. Abin da ya sa na rubuto shi ne gigin tsufa ya kama ta. Takan ci tuwo ta ce ba a ba ta ba. Ni Safara'u take kirana, tana yi mini faɗan ƙwaryar da na ara ban mayar ba tun kafin a haifi babana. Hausa ma tana zame mata, rabin maganarta Fulatanci ne, ni kuwa ka san nawa bai wuce gaisuwa da sayen nono ba. Da la'asar ta yi sai ta ce shanu sun dawo, ta nemi sauka daga gado da karyayyiyar ƙafa. Tana ɓoye abinci a ƙarƙashin gado, wanda ya taɓa ya sha ihu. Mai shara har cizo ta sha.

Likitanmu mutumin Indiya ne, ba mugu ba ne, amma yana bincike a kan ruɗewar tsofaffi, kuma yana da wani fom mai tambaya goma da ya zo da shi daga ƙasarsu. Ran Talata ni na yi tafinta. Ya ce yau wace rana? Ta ce jibi kasuwar Maigatari. Wallahi daidai ta faɗa, amma ya ja sifiri. Shekarunki nawa? Ta ce Allah ya sani. 'Ya'yanki nawa? Ta ce suna nan. Wane ne shugaban ƙasa? Ta ce Arɗo Ilu, wanda ya rasu tun ina goye. Sunan mijinki? Ta rufe baki da mayafi, matan ɗakin suka kwashe da dariya. Na ce masa Likita, ba a tambayar mace wannan a nan. Ya ce fom fom ne.

Daga nan ya ce a nuna mata wani nata. Na ɗauko hotonka na bikin yayata, na ce Goggo wane ne wannan? Ta kalla sau ɗaya, ta juya wa bango fuska, ta yi gum. Iya Kande da ke gadon kusa da ita ta ce kada in damu da shirun, ai na fari ne.

Ga inda maganar ta tsaya. Likita ya rubuta cewa ba ta gane kowa, kuma haɗari ce ga kanta da sauran majiyyata. Motar Kano za ta zo ran Laraba 27 ga wata, za a kai ta gidan masu taɓin hankali. Na yi wata uku a can lokacin koyon aiki. Baffa, ana kulle ƙofa, kuma babu mai jin Fulatanci. Ya ce hanya ɗaya ce: wani ɗanta ya zo, ya ga da idonsa ta gane shi, ɗan ya sa hannu. Ƙaninka Cindo ya tsallaka Damagaram da sauran dabbobi tun bazara. Saura kai.

Ka zo, don Allah.

'Yarka,
Rahamatu

*

Jos,
11 ga Yuli, 1977

Zuwa ga 'yata Rahamatu,

Na amsa gaisuwarki. Muna lafiya, sai ƙaramin yaron da ya yi mura ya warware. Na tuna ki sarai, ke ce mai kukan allura, ashe ke za ki dawo kina yi wa mutane. Allah ya yi miki albarka a kan abin da kike yi wa Goggo.

Na karanta takardarki sau huɗu. Ba zan zo ba, kuma zan gaya miki dalili don kada ki ɗauke ni ɗan banza.

Iya Kande ta yi gaskiya, shirun na fari ne. Ban san har labarin ya kai asibiti ba. Shekarar farin nan, shekara huɗu ke nan, ni na ɗauki hutu daga aikin malamin dabbobi na je ruga, na ce a ba ni garken in kai shi kudu inda akwai ciyawa. Goggo ta aiko mini da cewa shanunmu ba su san kudu ba. Na ce ni na yi karatun abin. Na kora su har da nata na gado, jikokin Saige, saniyar da uwarta ta ba ta ranar da ta tare. Ciwon sammore ya bi su ɗaya bayan ɗaya a bakin Binuwai, ina tsaye da jakar magani a kafaɗa. Na dawo da sanda da igiya.

Ki fahimce ni. Goggo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, a hannun kakata na tashi. Wannan ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba, haka ake yi. Amma duk ranar da na dawo daga tafiya, ko daga makaranta ne, ina zama a gindin aduwar da ke bakin ruga sai ga ƙwaryar nono ta hannun wani. Ba za a ce daga ita ba ne, ni kuma ba zan tambaya ba. Da haka muke gaisawa. Ranar da na dawo daga kudu na zauna a gindin aduwa tun hantsi har la'asar sakaliya. Ta gan ni, ta shige bukka. Babu ƙwarya. Na tashi na taka har tashar Gagarawa na hau jirgi, ban sake komawa ba. Na san kunya, na san fushi, ba na haɗa su.

To ki duba. In na zo ta juya mini baya a gaban Likita, me ya gani? Ya ga abin da ya rubuta. Zuwana zai ƙara mata nauyi ne kawai, ni kuma ba ni da ƙarfin da zan sake zaman gindin aduwa a gaban mutane.

Ki aika kasuwar Maigatari ran Alhamis, a nemi dillalan shanu masu shiga Magarya, su kai wa Cindo saƙo. Shi takan kira sunansa, takan ja kunnensa ma. Shi Likita yake bukata.

Baffanki,
Manu

*

Gumel,
16 ga Yuli, 1977

Baffa,

Ina gaisuwa, muna lafiya, ka yafe mini gajartarta. 

Innalillahi! Wane fari? Iya Kande mutuniyar Gagarawa ce, mai sayar da daddawa, ba ta san kana da saniya ko akuya ba. Cewa ta yi KAI ne na fari. Ɗan fari! Da da baki na faɗa maka da ka ji na ja harafin, takarda ce ba ta ja. Laifina ne da na rubuta a gurguje tsakanin allura da allura, amma kai ma Baffa, da ka ga kalma mai fuska biyu sai ka zaɓi wadda za ta yanke ka.

Yanzu ka saurara. Na ce maka tana ɓoye abinci. Da na karanta takardarka sai na je na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadon da kyau. Ba tuwo, ba burodi, ba goro. Madara ce kaɗai. Kullum da safe ana ba kowace majiyyaciya kofi ɗaya na madarar gari. Ita ba ta sha. Sai ta rufe da murfin kwano ta tura ƙasa, ta yi gadinta har ta yi tsami, mu kuma mu zo mu zubar saboda ƙuda, ita kuma ta yi ta ihu tana maimaita magana ɗaya. Kwana talatin muna wannan kokawa da ita. Jiya na tare wata mai tallan nono a bakin ƙofar asibiti na shigo da ita, na ce me tsohuwar nan take cewa? Ta saurara ta ce, "Cewa take yi, hokku mo, a ba shi. Wai yana zaune a waje tun hantsi." Na ce wa? Ta tambaye ta. Goggo ta rufe baki da mayafi.

Baffa, kai da ka yi karatun dabbobi, ka gaya mini: ranar da ka dawo da sanda da igiya, wace saniya za ta tatsa? Da me za ta cika ƙwaryar? Ka zauna kana jiran nono a gidan da ba nono. Ita kuma ta shige bukka don ba ta da abin aikowa, kuma ba ta da bakin da za ta fito ta ce maka babu. Shekaru sun zube mata, ta manta ta karye, ta manta kakata ta rasu, amma tana nan tsaye a wannan yinin, ta samu madara tana neman wanda zai miƙa maka. Mu kuwa muna zubarwa a kwata muna rubuta "tashin hankali" a kati. Na shiga ɗakin magani na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Na gaya wa Likita. Ya ce labari ne mai daɗi, amma shi ba zai rubuta abin da mai tallan nono ta ce ba, ɗan ya zo. Maganar Cindo kuwa, na aika Maigatari tun kafin ka faɗa. Dillalai sun ce ya wuce Damagaram ya yi arewa, sai kaka.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, amma in motar nan ta tafi da ita, ni ba zan sake rubuta maka ba.

Rahamatu

*

Gumel,
22 ga Yuli, 1977

Baffa Manu,

Ina gaishe ka da iyali. Kullum sai na je gidan waya, ma'aikacin har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ban sani ba ko takardata ba ta isa ba, ko ta isa ka yi fushi da rashin kunyata. In fushi ne, ka zo ka yi mini shi a nan.

Abubuwa sun ƙara lalacewa. Shekaranjiya da la'asar ta sauko daga gado ta faɗi, Allah ya kiyaye ƙashin bai goce ba. Sista ta ce a riƙa ɗaure hannunta da bandeji a jikin gado daga azahar zuwa magariba. Ni aka sa na ɗaura. Ta dube ni ta ce, "Safara'u, me na yi miki?"

Likita ya maimaita fom ɗinsa, ta ci biyu cikin goma. Ni kuma na sayi littafin rubutu na fara nawa tambayoyin, mai tallan nono tana taya ni. Na ce Goggo, wa ya haifi saniyarki Wule? Ta jero mini uwa da kaka har hawa bakwai zuwa Saige, ba gargada. Ta gaya mini rijiyoyin da ke tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar, da wadda ruwanta ke da kanwa. Na kai masa. Ya daɗe yana dubawa, ya ce in bar masa littafin, amma takardar Kano ta riga ta tafi.

Ga na ƙarshe. An tura ni Maigatari rigakafin ƙyanda daga ran Litinin, mako biyu. Na roƙi Sista ta canza ni, ta ƙi. Ran Laraba ba na nan. Ba wanda zai yi mata tafinta, ba wanda zai ce a dakata. Na bar wa Iya Kande amana ɗaya, ban san ko za ta iya ba, ita ma da ƙafa ɗaya take.

Saura kwana biyar.

Rahamatu

*

Gumel,
30 ga Yuli, 1977

Zuwa ga 'yata Rahamatu, a Maigatari,

Ina gaishe ki, ina gaida abokan aikinki, Allah ya ba ku sa'ar yaran. Ki duba saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu. Direban da ke kai muku magani zai kawo miki ita.

Ba fushi na yi ba. Muna daji muna allurar shanu, sai ran Litinin na dawo ofis na tarar da takardarki ta sha shida ga wata tana jirana. Ta bayanta kuwa ban gan ta ba, Iya Kande ce ta ba ni labarin abin da ke ciki. Na karanta a tsaye, na nemi kujera. Shekara huɗu ke nan, ni da nake malamin dabbobi, ban taɓa tambayar kaina wace saniya za ta tatsa ba.

Ran Talata na kwana Kano. Motar Gumel ta farko ta lalace a hanya, muka yi ta turi cikin taɓo. Na iso asibiti da hantsi, na tarar da motar Kano a bakin ɗakin mata, ƙofarta ta baya a buɗe. An riga an sa wa Goggo zanenta, an ƙulle kayanta a ɗankwali. Na faɗa wa Likita ko ni wane ne. Ya duba agogo ya ce, "To, je ka, mu gani."

Rahamatu, ta ƙanƙance. Na cire takalmi na durƙusa nesa kaɗan, na gaishe ta. Ta dube ni sau ɗaya, ta ja mayafi, ta juya wa bango fuska. Likita ya buɗe hannu ya ce, "Ka gani?" Duk da abin da kika rubuto, wallahi na ce shi ke nan, na zo na ƙarasa ta.

Sai ta fara lalube a ƙarƙashin gado. Babu komai, an share wurin tun safe saboda tafiya. Ta lalubo dama, ta lalubo hagu, numfashinta ya fara sama, ta buɗe baki za ta yi ihun nan da kuka sani. Direba da wani ma'aikaci suka matso da gadon ɗauka. Iya Kande ta daka musu tsawa, "Kai, ku tsaya, marasa ta-ido!" Ta buɗe akwatin gefen gadonta ta fito da kofi a rufe da murfin kwano, ta ja jiki ta sa wa Goggo a hannu. Ashe amanar ke nan.

Goggo ta fasa ihun. Ta ɗaga murfin ta leƙa. Fuskarta na bango, ta miƙa hannu baya, wanda ya fi kusa da ita kuwa Likita ne. Ta ce, "Hokku mo."

Ya ce me ta ce? Iya Kande ta ce, "Cewa ta yi ka ba shi," na mayar masa da Turanci. Ya ce wa? Mu maza huɗu ne a ɗakin, ya ce a tambaye ta wanne. Ba mai Fulatanci sai ni, ni kuma ba ni da hurumin yi mata wannan tambaya. Na sunkuyar da kai na yi ta duk da haka, Allah ya yafe mini. Ba ta amsa mini ba, bango ta amsa wa. Ta ce, "Wancan da ya sha rana. Ku ce masa ba a samu da wuri ba."

Ni na fassara wa Likita da Turanci. Ya tsaya da kofi a hannu kamar an ba shi garwashi, sannan ya tako ya durƙusa ya miƙo mini da hannu biyu. Madarar kwana uku ce, ta tsinke, tana wari. Na shanye tas.

Likita ya sallami motar, na sa hannu. Ranar da la'asar ba a ɗaure ta ba, barci ta yi. Jiya ya zaunar da ni awa biyu da littafinki a gabansa, yana soke tambayoyinsa yana tambayata me ake tambayar tsohuwa a nan, me ba a tambaya. Ya ce in kin dawo ke za ki riƙa yi wa tsofaffin ɗakin tambayoyin, kuma an bar wa Goggo kofinta. Na nemi a dawo da ni aiki Gumel, na kama ɗaki a unguwarku kafin Sabuwa ta taho. In ƙafar ta warke wurina za ta zauna.

Bai ɓoye mini ba, ya ce ciwon ba ya komawa baya. Ta manta na sha. Kullum da safe sai ta sake aikowa, ni kuma in sake sha, Iya Kande ce 'yar aike. Ya ce wata rana wannan ma zai tafi, za ta dube ni sosai kamar yadda take duban kowa, wataƙila ta yi ta hira da ni, wataƙila har ta kama sunana.

Rahamatu, shekarata arba'in da uku, tun ina yaro nake so in ji yadda sunana zai fito daga bakinta, ko sau ɗaya. Yanzu ba abin da nake tsoro kamar wannan rana. Yau da safe na shiga na yi sallama, ta juya wa bango fuska, na ce alhamdu lillahi.

Ki dawo lafiya. Tana ta cigiyar Safara'u da ƙwaryarta.

Baffanki,
Manu